Gurbi Huɗu, 'Ya'ya Biyar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ɗana Sadiku, ina gaishe ka, ina gaishe da Zainabu. Lokacin da za ka karanta wannan takarda na san kun sauka Kano, kun kwance kaya. Allah ya sa kun isa lafiya, ya tsare ku a sabon masauki, ya haɗa ka da maƙwabta nagari da shugabannin aiki masu tsoron Allah. Allah ya sa abincinka ne ya kai ka, ya kuma riƙa dawo mana da kai da ƙafarka.

Na cusa takardar nan cikin ambulan ɗin da kamfaninku ya ba ka, a saman fom ɗin inshorar lafiya, domin na san ba za ka iya cike shi ba sai ka ɗaga ta. Za ka ce Inna da son rubutu, ga waya a hannu. Na san wayarka. Sai ka yi ta ce mini "to, to, in sha Allahu" alhali idonka na kan wani abu daban. Ban da haka, akwai maganar da bakina bai taɓa iya ɗauka ba. Hannuna kuwa ya saba, tunda aikinsa ke nan tun daga tafireta har aka kawo mana kwamfuta a ofis.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ba ka daɗe da barinsa ba. Abin da ka faɗa ranar Laraba ne ya hana ni sukuni. Kana zaune a tabarma a tsakar gida kana gwada cike fom da fensir, ka rubuta sunanka, ka rubuta na Zainabu, ka ajiye fensir. Na ce ina sunan Amira? Ka sunkuyar da kai kana murmushi, ka ce, "Ai wannan taki ce, Inna. Tunda na bar miki ita, ni ina ruwana." Goggonka ta yi ta yaba maka, wai yaron nan ya yi gadon kunyar gidansu, ko kallon 'yarsa ta fari ba ya yi a gaban manya. Kowa ya yi dariya. Ni tashi na yi na shiga ɗaki, kuka ɗauka salla zan yi. Daga can na ji kana ce wa Zainabu cikin tsari ukun da aka ba ka ka zaɓa, ƙaramin za ka ɗauka, don shi ne ba ya cin albashi. To zauna ka ji yadda uwarka ta yi irin wannan wayon, da abin da ya jawo mata.

Kuskurena na farko, ban karanta ba. Ni da aka yi shekara da shekaru ana biya na albashi don in karanta takardun mutane in buga su ba gyara, tawa takardar ban karanta ba. Kana ƙaramar sakandare aka kawo mana tsarin inshora a ofis. Aka tara mu a ɗakin taro, wakilan kamfanoni biyu suka zo daga Kano, aka ce kowa ya zaɓi wanda zai riƙe masa kati. Na farko ya zo da lemo da kalanda da laima mai tambari, ga baki kamar an shafa masa zuma. Ya ce daga yau mun huta, ciwo ya zama nasu. Na biyu wani siririn mutum ne da tulin takardu, ya tsaya yana karanta mana abin da za su biya da abin da ba za su biya ba. Ya ambaci ciwon daji, ya ambaci ƙoda, ya ambaci tiyatar zuciya. Mutane suka yi ta a'uzubillahi ciki-ciki. Wani dattijo cikinmu ya miƙe ya tambaye shi ko magani ya kawo mana ko mugun fata. Aka kwashe da dariya, mutumin ya naɗe takardunsa. Shugabanmu ya nufi teburin mai laima, muka bi bayansa gaba ɗaya. Laimar ko damina ɗaya ba ta ƙarasa ba.

To kai kada ka ɓata lokaci kana tambayar wakili abin da za su yi maka, wannan shi ya fito faɗa. Ka tambaye shi abin da ba sa yi. Ka kira cututtukan da sunansu, ɗaya bayan ɗaya, ko da ana hararar ka. Ambaton ciwo ba ya kawo shi, ni shaida ce, ban taɓa ambaton ƙoda ba ta zo har gida ta same ni. Duk abin da ya faɗa maka da baki, ka ce ya nuna maka layin da aka rubuta shi. In ya fara yi maka rantsuwa maimakon ya buɗe takarda, ka tattara ka bar wurin. Wanda kuwa ya ɓata maka rai da gaskiya, kada ka yi saurin juya masa baya. Har yau ina tuna fuskar siririn mutumin nan, da na san gidansa da na je na ba shi haƙuri.

Na biyu, asibiti. A fom akwai inda mutum zai rubuta asibitin da za a riƙa ganinsa. An jera sunayen asibitoci a bayan takarda, ban ko juya ta ba, domin tun kafin fom ya iso gida wani mai asibitin kuɗi a unguwarmu ya riga ya zo gaishe da babanku. Sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, kuma babanku ne ke ɗauko masa kaya daga Kano a motarsa ta haya. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya ce mutumin nan namu ne, ba daɗi a ji mun kai katinmu wani wuri. Na rubuta sunan asibitinsa.

Ranar da ka zo da kuɗi a hannu, likita na nan. Ranar da ka zo da kati, sai a nuna maka wani benci daban, ka jira a gama da masu kuɗi. In an gan ka, maganin zazzaɓi ne da na ciwon kai, sauran kuwa wai ya ƙare, a je kemis, kemis ɗin kuma na ƙaninsa ne a tsallaken titi. Ka tuna lokacin da autanku ya faɗo daga katanga ya karye a hannu? Sai an tura mu babban asibiti, kuma ba a turawa sai an samo lambar izini daga kamfani a Kano. Tun hantsi ake buga waya ba a ɗauka, har la'asar, yaro na kuka a cinyata. Na san ana iya sauya asibiti, ni ce ma nake buga wa wasu takardar sauyi. Amma da wane ido babanku zai kalli mutumin a sahu? Haka muka zauna muna gaisawa, muna sayen magani a kemis ɗin ƙaninsa.

Don haka asibiti ba a zaɓar sa daga kan tabarma, ba a kuma zaɓar sa don mai shi ya san babanka. Ka je da ƙafarka. Kada ka tsaya wurin mai karɓar baƙi, aikinsa murmushi ne. Ka zauna a benci kusa da mata masu goyo da kati a hannu, ka tambaye su tun yaushe suke zaune, maganin a ciki ake ba su ko a waje, gwaji a nan ake yi ko sai an hau babur. Ka tambaya ko akwai likita kowane lokaci, ko kuwa sai an kira shi daga gida. Ka duba hanyar wurin kana tunanin damina da mace mai naƙuda. In ka shiga ka ga ba haka ba, ka sauya, ko da mai wurin liman ne.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki biro.

Kun taso kuna jin ana cewa yayarku ta Fagam. Kun san ta da hutu da salla, kun san ta yi jinya ta rasu. Abin da ba ku sani ba shi ne hannuna a ciki. Ita ce ta fari. Ka san yadda ake yi a dangin babanku, mu ma a garinmu Kangire haka muke: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da na yaye ta, Hajja kakarku ta zo ta goya ta ta tafi da ita Fagam, kamar yadda aka saba. An ce yaye ne, 'yan watanni. Watannin suka zama shekaru, ban taɓa buɗe baki na ce a dawo mini da ita ba, domin macen da ta nemi 'yar farinta daga hannun uwar miji ta zama abin magana a kowane gidan biki. Aka yi ta yabona, ni kuma ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye maka ba. Ta taso tana kirana Adda, kamar wata yayarta. Ni kuwa in zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi zancenta in ce "yarinyar nan".

Fom ɗin ofishinmu gurbi huɗu gare shi na 'ya'ya. Ku biyar ne: ita, kai, tagwaye, da auta. Ban ma tsaya tunani ba, wannan shi ne abin da ke ci na har yau. Da na yi kokawa da zuciyata kafin na zaɓa, da sai in ce matsi ne. A'a. Hannuna ya fara daga kanka ya gangara ƙasa, kamar dama ku huɗu na haifa. Malam Garba, wanda ke karɓar fom a ofis, ya san gidanmu. Ya duba, ya ɗago kai.

Ya ce, "Hajiya, ba biyar gare ki ba?"

Akwai mutane a bayana a layi. Na ce, "Huɗu ne a hannuna."

Ya ce akwai wata takarda ta ƙarin mutum, ana ɗan ƙara cire wani abu a albashi, a sa wanda ya ragu, ko ɗa ne ko tsoho. Har ya jawo ta daga durowa ya ajiye a gabana. Na ji matan ofis sun yi shiru suna saurare. In karɓa, a ce ga ta nan tana rawar jiki a kan 'yar fari? Na tura masa takardarsa, na ce yarinya na wurin kakarta, lafiyarta lau. Abin da za a cire ɗin bai kai abin da nake zubawa a ankon biki ba.

Shekara biyu muna cin moriyar kati, duk da halin asibitin. Ko atishawa ka yi sai in ja mayafi mu tafi, tunda ba biya zan yi ba. Ita kuwa can Fagam, zuwa asibiti na nufin a kama akuya a kai kasuwa, saboda haka ba a zuwa sai abu ya ƙi. Ba na zargin Hajja. Ta so yarinyar nan fiye da ranta, abin da ta sani shi ta yi. Ciwon ya fara da ƙuraje a ƙafa da ciwon maƙogwaro, aka jiƙa sassaƙe. Fuska ta fara kumbura da safe, aka ce ƙibar 'yan mata ce. Fitsari ya sauya launi, ta ji kunyar faɗa, ai 'yata ce. Sau biyu aka aiko mini cewa ba ta jin daɗi. Na aika da sabulu da kuɗin magani, ban je ba, kada a ce na kasa haƙuri. Sai da ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya fara yi mata wuya, sannan aka sa ta a mota daga Fagam aka kawo ta nan.

Likitar babban asibiti, wata yarinya ce ma da ba ta kai ni shekaru ba, ta duba sakamakon gwaji, ta dube mu, ta tambaya wace ce uwar. Na kau da kai, sai da goggonka ta nuna ni. Ta tambaya tun yaushe wannan kumburi. Da aka faɗa mata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi ƙoda ce, kuma da an zo tun farko, da gwajin fitsari da awon jini da 'yan ƙwayoyi, mai yiwuwa da ba a kai nan ba. Wato irin abin da katin nan ke biya ba gardama, irin abin da nake kwasar ku a kansa don mura.

Washegari na ruga wurin Malam Garba na ce ya ba ni takardar nan. Ya ba ni. Na cike ko'ina, amma wurin suna na bar shi fari. Ko a ranar, Sadiku. Shi ya rubuta da hannunsa. Sannan ya nuna mini abin da ke rubuce a bayan takardar tun ranar farko: sabon suna ba ya fara aiki nan take, sai an tura, an jira watanni, kati ya fito. Wankin ƙoda kuwa, ko ga mai kati, kaɗan suke ɗauka, sauran na mutum ne. Abin da siririn mutumin nan ya tsaya yana karanta mana ke nan muna dariya.

Aka tura mu Kano. Babanku ya cire kujerar baya ta motarsa ya shimfiɗa katifa, muka yi ta zarya a hanya. Shanun Hajja suka tafi ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka ba yarinyar tun tana goye. Ba wannan ke damuna ba, dabba ce. Wata rana muna jiran layin wanki, tana kwance a benci, kanta a cinyata, karo na farko tun da na yaye ta. Na buɗe jaka in ɗauko wani abu, katunanku suka zubo, huɗu, kowanne da hotonsa. Ta tsince su tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, tana murmushi da hoton auta da kunnuwansa.

Sai ta ce, "Adda, nawa yana gida ne?"

Na ce, "Yana hanya."

Ta ce to. Ta jera su daidai ta mayar mini cikin jaka.

Ban yi mata ƙarya ba, yana hanya. Ya iso bayan an yi sadakar arba'in. Malam Garba bai iya miƙo mini da hannunsa ba, a kan teburina na tarar da shi cikin ambulan. Hoton da aka ɗauka a gadon asibiti ne, fuska a kumbure. Yana nan cikin akwatina ƙarƙashin zannuwa, sabo fil, bai taɓa shiga asibiti ba. A wurin zaman makoki mata suna ta cewa ba su taɓa ganin mai dauriya irina ba, ko hawaye ban yi a gaban mutane ba. An biya ni ladan kunyata cif, da yabo.

Na san abin da za ka ce, domin kowa ya faɗa mini: kwana ne ya ƙare. Haka ne, na yi imani, ba mai wuce ranarsa. Amma ni ba a damƙa mini ranarta ba. Abin da aka damƙa mini biro ne da fom, kuma a kan wannan nake tsoron tambaya. Na ji haushin kamfani, na ji haushin mai laima, na ji haushin matan da suka yi shiru suna saurare a bayana. Da na gama zagayawa, kaina haushin ya dawo, a nan kuma yake zaune.

Akwai na huɗu, kuskuren wanda ya firgita. Bayan rasuwarta duk wanda ya zo da takarda mai hoton likita sai in sa hannu. Wani ya zo da abin da ya kira ƙarin kariya, na shiga, aka yi ta cire mini. Da hawan jini ya kwantar da ni na kai takardar, sai ga shi abin da katin ofis ke biya shi ɗin dai shi ma yake biya, zazzaɓi da ganin likita. Rufi biyu na yi wa ɗaki ɗaya, na bar ɗaya ɗakin ruwa na zuba. Hawan jinin kuwa suka ce da shi na shigo, ba sa ɗaukar tsohon ciwo. Ga shi nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe, kuma ga sa hannuna a ƙasa. Sannan ranar da na yi ritaya katin ofis ya mutu tare da aikin, daidai lokacin da jiki ya fara neman asibiti. Ba wanda ya ɓoye mini, ni ce ban tambaya ba.

Shi ƙarin, amfaninsa ɗaya ne: ya fara daga inda na farko ya tsaya. Ka ajiye takardun biyu gefe da gefe. In abu ɗaya suke faɗa, sadaka kake yi wa kamfani. Kuma tun kana da lafiya ake shiga, domin mai ciwo ba sa marhabin da shi.

Takardunka uku na karanta su. Ranar Alhamis kana yawon sallama da abokai, na sa tabarau na zauna da su tun safe har azahar, har bayansu na juya, abin da ban yi wa tawa ba. Ƙaramin na mai lafiya ne. Zazzaɓi, mura, ganin likita. Kwanan gado kaɗan ne a shekara, babbar tiyata ba ta ciki, haihuwa in ta zo da tiyata taka ce, kuma asibitocinsa duk a Kano suke. Babban na masu son a gani ne: ɗaki kai kaɗai mai na'urar sanyi, tabarau, wankin haƙori, har da wurin motsa jiki, kai da ke hawa babur zuwa masallacin ƙofar gida. Na tsakiya shi na tsaya a kai. Yana da gado, yana da tiyata zuwa wata iyaka, yana da awon ciki da haihuwa, kuma na ga yadda Zainabu ke ture tuwo kwanan nan, ba sai an gaya mini ba. A jerin asibitocinsa akwai ɗaya a nan Birnin Kudu, na yi masa alama da jan biro. Ranar Juma'a da na ce muku zan je dubiya, can na tafi. Na zauna a benci na tambayi mata masu kati. Sun ce akwai jira, amma maganin a ciki ake ba su, gwaji ma a ciki.

Inda na tsakiyan ya gaza shi ne doguwar jinya. Wankin ƙoda da ciwon daji iyakarsu gajeriya ce, na duba wannan layin sau uku. Nan ne ƙarin zai shiga. Ka tambayi ofishinku ko akwai ƙarin da ke ɗaukar manyan cututtuka kaɗai, abin da za ka ƙara da ka ɗauki babban tsarin ka sa shi can. Ka tambaya watanni nawa ake jira kafin kati ya fara aiki, da kuma ko cikin da aka shigo da shi yana ciki. Ka tambaya yaushe ake sa sabon jariri. Ka tambaya in aiki ya ƙare ko mutum na iya ci gaba da biya da kansa. Ka karɓi lambar da ake bugawa don izini, ka buga ta ranar Lahadi ka ji ko akwai mai ɗauka. Kada ka ji nauyin a ce sabon ma'aikaci ya cika tambaya. Su gaji da kai yanzu kana tsaye.

Babbar tambayar kuwa ita ce ko yarinyar da ke wani gari za a gan ta da katin ba tare da kai ba, kakarta ce ta kawo ta. In sun ce e, ka sa su rubuta maka. In sun ce a'a, akwai tsarin jiha a nan na waɗanda ba sa aikin gwamnati, ka sa ta a ciki kafin ka sayi ko labule a ɗakinka. In wannan ma bai yiwu ba, ka zo ka ɗauki 'yarka. Ina nufin abin da na rubuta. Ita ke sa ni dariya a gidan nan, ita ke ɓoye mini tabarau, ranar da ta tafi ban san yadda zan yi da tsakar gidan nan ba. Amma gara in zauna ni kaɗai da in zauna ina jiƙa mata sassaƙe ina jiran abu ya ƙi. Na kuma ji kana cewa in akwai gurbin tsoho za ka sa ni. Na gode, Allah ya yi albarka. Sai bayan ita.

Ban ce ka zubar da kunya ba. Kada ka ɗauke ta a gaban kawunnanka in ba ka so, kada ka kira sunanta a taro, goggonka ta ci gaba da yaba maka. Amma fom ba surukinka ba ne. Ba ya jin kunya, ba ya yaba wa mai ita, kuma wanda ba a rubuta ba, a wurinsa babu shi.

Ranar suna, da ka sa wa yarinyar nan sunan yayarka, ka yi ne don ka faranta mini. Ka faranta, amma ka kuma ɗaure mini baki, shi ya sa na laƙaba mata Amira. To a fom ba a sa laƙabi. Sunan yanka ake sawa, yadda yake a takardar haihuwa. Ka sa shi a gurbin farko na 'ya'ya, da biro, ba da fensir ba. Sunan nan na buga shi a takardun mutane ba adadi, na wasu ne, bai taɓa yi mini nauyi ba. A matsayin na 'yata kuwa, shekara talatin bai fita daga bakina ba, bai fita daga hannuna ba. Ga shi na rubuta maka ka kwafa, kada ka ce ba ka san yadda ake rubuta shi ba:

Aishatu.

Allah ya jiƙanta, ya yafe mini. Allah ya raya mai sunanta, ya sauki Zainabu lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na injin da za ka yi aiki da shi, ya sa katin nan ya tsufa a aljihunku ba ku buƙace shi ba. In nata ya fito, kada ka jira sai ka zo hutu. Ka ba direbobin tasharmu, abokan babanku ne, su kawo mini a ranar.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarka,
Uwar Aishatu.